Kabon Faiba a Cikin Mota: Abin da Dillali Bai Faɗa Ba



Makon jiya wani abokina ya kira ni, wai ya ga BMW 'yar Beljiyam, dashbod da gefen giya duk kabon faiba, dillali har ya ƙara kuɗi saboda shi. Wai "ba ya tsufa". Na ce masa dakata tukuna.

Zaren kabon ɗin kansa, e, akwai ƙarfi, ga rashin nauyi. Tun 1981 McLaren ta gina jikin motar tserenta ta Formula 1 da shi. Amma abin da hannunka ke taɓawa ba zaren ba ne. Wani ƙaro ne mai suna efoksi aka jiƙa saƙar da shi, sannan aka fesa fenti mai sheƙi a kai. To shi rana ke ci. Ka bar mota a fili a watan Afrilu, dashbod ya kusa digiri 70, ga hasken ranar na dukansa kullum. Sannu a hankali sheƙin ya koma rawaya-rawaya, ya tsattsage, ya fara ɓarewa. Ko zobe ma karce shi yake.

In a sama ya tsaya, mai fenti zai goge ya sake fesawa. In ya kai ga saƙar, sai dai sabo, kuma da dala.

Wani ma sitika ce kawai aka manna. Na ce ya haska fitilar waya: na gaske saƙarsa tana da zurfi, tana juyawa da haske, ita kuwa sitika a shafe take.

Ya haska. Sitika ce, wallahi. Kuɗin da ya yi shekara uku yana tarawa a kasuwar waya fa.