Giris A Cikin Man Giya: Yadda Ake Gane Ciwon Aksil Na Gaba



Da yawa daga cikinmu, in Allah ya kai mu ga gama karatu, aikin gwamnati za mu kama, kuma ba ofisoshin birni kaɗai za a tura mu ba. Wani malamin gona zai zama, wani jami'in lafiya, wani kuwa injiniyan ruwa, a damƙa masa mota mai jan ƙafa huɗu a ce ya shiga ƙauyuka da damina. Shi zai sa hannu a takardar kuɗin gyara, shi kuma zai kwana a daji in motar ta tsaya. Saboda haka na ga ya kyautu mu yi nazarin wani ciwo guda wanda ke ɓoye a ƙarƙashin irin waɗannan motoci, watau shigar giris cikin man giyar aksil na gaba.

Zan kafa misali da Toyota Land Cruiser, musamman samfurin 70 da aka fara ƙerawa a 1984, da samfurin 80 na tsakanin 1990 da 1997, domin aksil ɗinsu na gaba sanda ɗaya ne daga wannan taya zuwa waccan. A tsakiyarsa akwai ƙoƙo mai ɗauke da haƙoran giya waɗanda ke raba ƙarfin inji ga tayoyi biyu, su kuma bar tayar waje ta fi ta ciki gudu idan ana shan kwana. Wannan shi ake kira difiranshal, kuma a cikin man giya yake wanka, abin da bai kai lita 3 ba. A kowane ƙarshen aksil kuwa akwai gwiwa, wani dunƙulen ƙarfe kamar duma, inda taya ke juyawa idan an murza sitiyari. A cikin gwiwar akwai mahaɗa mai ƙwallayen ƙarfe 6, wadda ake kira Birfield, asalinta kuwa ƙirar Alfred Rzeppa ce, wani injiniyan kamfanin Ford a shekarun 1920. Ita wannan mahaɗa giris take ci, baƙin giris mai sinadarin molibdenam. To, abin da ya raba ɗakin mai da ɗakin giris ɗan zoben roba ne tak, wanda bakanikai ke kira oyil sil. Idan ya gaza, sai mai ya gangara cikin gwiwa, giris kuma ya kutsa cikin ƙoƙo.

Yaya mutum zai gane haka ta faru? Da farko a tuƙa motar 'yan mintoci don man ya yi ɗumi, a tsayar da ita a kan daidaitacciyar ƙasa. A fara kwance notin zuba mai kafin na tsiyaya, domin wanda ya zubar da mai sa'an nan ya tarar notin sama ya cije, ya ɗaure kansa da igiyarsa. Yayin kwancewa a kasa kunne: in an ji iska ta fito ko ta shiga da ƙarfi, a riƙe wannan a rai, za mu komo kansa. A sa yatsa a ramin. Man lafiyayye yana nan daidai bakin rami. In yatsa bai taɓa shi ba, lalle ya tafi wani wuri.

Sai a tsiyaye shi cikin kwano mai tsabta, a fita da shi cikin hasken rana. A nan ne ake yawan ruɗewa, domin abubuwa uku ke ɓata man giya, kowanne da kamanninsa. Ruwa yakan mai da shi fari-fari kamar shayi mai madara, in kuma aka ɗiga shi a kan faranti mai zafi sai ya riƙa tartsatsi. Garin ƙarfe yakan sa shi ƙyalli, a ji shi gautsi-gautsi tsakanin yatsu, maganaɗisu kuma ya ja shi. Notin tsiyaya kansa yana da maganaɗisu. Ɗan laushin gari a jikinsa ba abin tsoro ba ne, amma ɓarɓashi mai kaifi labarin haƙori ne ko boris. Giris kuwa yakan mai da man toka-toka ko baƙi, ya yi kauri kamar kunun da ya kwana, ga santsi a hannu, maganaɗisu kuma ba ruwansa da shi, don molibdenam ba ya bin maganaɗisu. Wanda ke shakka ya ɗebo kaɗan daga aksil na baya, inda babu gwiwa, ya ɗiga su biyu a kan farar takarda. Idan lokaci ɗaya aka zuba su, bambancin ba ya ɓuya.

Saura a san ta wane gefe ɓarnar ta zo. A saman kowace gwiwa akwai ɗan noti na ƙara giris. A kwance shi a zura tsinke mai tsabta. Giris mai lafiya yakan manne wa tsinke. In ya fito ruwa-ruwa yana ɗiga, yana kuma warin farar wuta irin na man giya, wanda duk wanda ya taɓa shaƙarsa ba ya mantawa, to zoben wannan gefen ya tafi. A duba bayan gwiwar kuma. Ɗan maiƙo a jikin dunƙulen ƙarfen al'ada ce. Amma in baƙin ruwa na zuba har yana fantsama a cikin taya, magana ta yi nisa.

Bakanike mai gaggawa zai ce a canja zobe a wuce. Ni a ganina tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, me ya kashe zoben? Tsufa na iya yi, amma sau da yawa laifin na bututun numfashi ne, wani ɗan siririn tiyo a saman aksil. Idan mai ya yi zafi iskar ciki takan kumbura ta nemi mafita. Idan kuma aksil mai zafi ya faɗa cikin ruwan rafi sai ta tsuke nan take. In laka ko ƙurar hunturu ta toshe bututun, ta wajen zoben aksil zai yi numfashi, ya tura mai waje da zafi, ya zuƙo giris da sanyi. Iskar nan da muka ji wajen kwance noti shaidar haka ce. A cire tiyon a busa, aikin minti biyar ne. Bayan wannan a ɗaga motar da jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. In tana kaɗawa, boris ɗin taya ko na gwiwa sun saki, shaf yana rawa, kuma sabon zobe ba zai yi ƙarko ba. Akwai kuma masu ɗura giris har gwiwa ta cika maƙil, da nufin alheri, alhali kashi uku cikin huɗu ake so.

Ɗan giris a cikin mai ba zai farfasa haƙoran giya a rana ɗaya ba, kada wani ya tsorata ku ku sayi sabon difiranshal a kan wannan. Haɗarin yana can gefen gwiwa, inda mai ke wanke giris daga mahaɗa da boris, har a fara jin ƙas-ƙas-ƙas wajen shan kwana, ko kuma maiƙon ya kai ga birki motar ta riƙa fizga gefe guda.

Zoben ba shi da tsada, amma yana can ƙurya, sai an cire taya da birki da shaf kafin a kai gare shi, aikin yini cur. Don haka idan takardar gyara ta zo gabanku, ku nemi a yi gefe biyu tare, a sa sabbin boris na gwiwa da gasket da maƙunsar bayan gwiwa, a kuma shafa shaf da yatsa ko zoben ya yi masa zanen rami. A zuba man giya mai lamba 80W-90, ajin GL-5, a yi tafiyar 'yan kwanaki da shi, a tsiyaye a sake sabo, domin ragowar giris na maƙale a cikin hannuwan aksil. Kada a yarda a zuba kananzir a tuƙa motar da sunan wanki. Tsofaffin kayan da aka cire kuwa, ku ce a kawo muku su ofis ku gani da idonku.