Mabuɗin Rauta Yana Hannun Wa?

Jawabin da aka gabatar a taron reshe na ƙarshen zangon karatu



Muna godiya ga shugabannin reshe da suka ba mu wannan dama. Da aka sanar cewa za mu yi magana a kan na'urar intanet ta gida, wadda ake kira rauta, mun ga wasu sun yi murmushi, suna ganin batun albashi da ƙarin girma ya fi cancanta da wannan zama. Ba su yi kuskure ba. Sai dai muna roƙon a ba mu aron kunne na ɗan lokaci, domin abin da za mu faɗa shi ma batun albashi ne: ɗan abin da ya shigo hannu, da yadda yake zurarewa ta wata kafa da yawancinmu ba mu taɓa leƙawa ba.

Kowa a nan ya san dalilin da ya sa wannan na'ura ta shigo gidajenmu. Jarrabawar ƙwarewa ta Hukumar Rajistar Malamai, wato TRCN, a kan kwamfuta ake yin ta. Jarrabawar JAMB da 'ya'yanmu ke zaunawa ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. Da yawa daga cikinmu muna ƙaro karatu daga gida, ana turo mana darussa ta waya. Sannan a watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100. Don haka data ta shiga jerin cefanen malami, tana kusa da hatsi da kuɗin wuta.

Bari mu fara da abin da ya same mu a gidanmu, domin gani ya kori ji. Mun sayi rauta irin wadda ake sa wa layin waya. Wani matashi a shagon ya saita mana ita, ya rubuta mana kalmar sirrin Wi-Fi a bayan rasit, muka dawo gida muna murna. Datar da muka saya ta wata guda ba ta kai mako biyu ba ta ƙare. Muka ɗora laifi a kan yara, aka yi faɗa, aka yi rantse-rantse. Wata na biyu ma haka, sai muka koma zargin kamfani. Wata abokiyar aikinmu ce ta zo gaisuwa, ta ji ƙorafinmu, ta karɓi waya ta buɗe wani shafi da ba mu taɓa sanin yana nan ba. Wayoyin gidanmu biyar ne. Shafin ya nuna na'urori goma sha uku a kan layinmu. Ashe ɗanmu ya ba abokinsa kalmar, abokin ya ba wani, har ta kai majalisar da ke zama a ƙofar gida da dare. Mun ji kunyar faɗan da muka yi wa yara, mun kuma ji kunyar cewa muna koyar da 'ya'yan mutane karatu alhali ba mu karanta takardar da ke manne a ƙarƙashin na'urarmu ba.

Abin da muka koya a wannan rana shi ne jigon jawabinmu. Rauta tana da mabuɗi biyu, kuma yawancinmu guda ɗaya muka sani. Na farko shi ne kalmar sirrin Wi-Fi, wadda ake ba waya don ta samu intanet. Wannan kamar mabuɗin aji ne. Na biyu shi ne kalmar shiga shafin saitin na'urar, kuma shi kamar mabuɗin ofishin hedimasta ne, inda rajista da hatimi suke. Wanda ya riƙe na biyu yana iya canza na farko, ya ga duk wanda ke kan layi, ya kori wanda ya so, har da mai na'urar kansa. A na'urori masu yawa wannan mabuɗi na biyu yana nan yadda ya fito daga masana'anta: suna admin, kalmar sirri ma admin. Duk yaron da ya taɓa saita rauta ya san haka.

To, yaya ake shiga? Ba ya buƙatar kwamfuta, wayar hannu ta isa. Ba ya kuma cin data, domin shafin a cikin na'urar yake, ko datar ta ƙare zai buɗe.

Da farko mu juya na'urar mu duba takardar da ke ƙarƙashinta ko bayanta. Idan ƙarama ce ta aljihu, galibi sai an cire murfi da batir za a ga takardar. A nan aka rubuta sunan Wi-Fi da kalmarsa, da adireshin shafin saiti, da sunan shiga da kalmarsa. Adireshin lambobi ne huɗu da ɗigo a tsakaninsu. Waɗanda aka fi samu su ne 192.168.0.1 da 192.168.1.1, na'urorin Huawei masu layin waya kuwa yawanci 192.168.8.1 ne. Idan takardar ta goge, mu shiga bayanan Wi-Fi ɗin da wayarmu ke kai, za mu ga adireshin rautar a can.

Na biyu, mu tabbatar wayar tana haɗe da Wi-Fi na wannan rauta, mu kuma kashe datar wayar kanta don kada ta bi wata hanya. Na uku, mu buɗe burauza, kamar Chrome, mu rubuta adireshin a dogon gurbin da ke can sama. A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Wani ya rubuta harafin l a madadin lamba 1, wani ya sa harafin O a madadin sifili, wani ya sa waƙafi a wurin ɗigo, sai ya ga Google ya jero masa shafukan da ba su da alaƙa da na'urarsa. Mu da muke yi wa yara jan biro a kan irin wannan kuskure, bai kamata ya kama mu ba. Idan an rubuta daidai, shafi zai fito yana neman suna da kalmar sirri. Sai mu sa abin da ke kan takardar, muna lura da manyan baƙaƙe da ƙanana. Kada mu yi ta cankar kalma, domin na'urori da yawa suna kulle shafin na ɗan lokaci idan an yi kuskure sau da dama.

Idan kalmar da ke kan takardar ta ƙi, wannan ma labari ne: wani ya riga ya canza ta. Mai yiwuwa wanda ya saita mana ne, tunda sababbin na'urori sukan tilasta a zaɓi sabuwar kalma a shigar farko. Mu tambaye shi cikin mutunci. Idan ya manta ko ba a same shi ba, akwai ɗan ƙaramin rami a jikin na'urar da aka rubuta Reset a kusa da shi. A sa tsinken sakace ko allura a danna, a riƙe kamar daƙiƙa goma na'urar tana kunne. Komai zai koma yadda ya fito daga masana'anta, har sunan Wi-Fi da kalmarsa. Saboda haka kada a taɓa wannan rami sai an tabbatar takardar tana karantuwa.

Bayan mun shiga, ayyuka huɗu ne a gabanmu, kuma jerinsu yana da muhimmanci.

Aiki na farko, mu canza kalmar shiga shafin. Idan muka fara da ta Wi-Fi muka bar wannan, mun gyara ƙofar aji ne mun bar ofis a buɗe. Kada sabuwar kalmar ta zama lambar wayarmu, ko sunan autanmu, ko shekarar haihuwa, domin duk unguwa ta san waɗannan. Mu haɗa kalmomi uku ko huɗu na Hausa da ba su da dangantaka da juna, mu cusa lambobi a tsakani, ta kai baƙaƙe 12 ko fiye. Mu rubuta ta a littafi mu ajiye inda muke ajiye takardun ɗaukar aiki.

Aiki na biyu, mu canza kalmar Wi-Fi, kuma ta bambanta da ta farko. A wannan sashe za mu ga wurin zaɓar nau'in tsaro. Mu zaɓi WPA2, ko WPA3 idan na'urar tana da shi. Wanda ake kira WEP ya tsufa, an daɗe da gano yadda ake fasa shi. Idan mun ga WPS a kunne mu kashe shi, domin tun ƙarshen 2011 masana suka bayyana cewa ana iya gano lambobinsa takwas ta hanyar gwaji. Da zarar mun adana sabuwar kalma, duk wayoyi za su sauka daga layi, har da wadda ke hannunmu. Kada hankalinmu ya tashi, na'urar ba ta lalace ba. Sai mu sa wayar ta manta da tsohuwar kalma, mu shigar da sabuwa.

Aiki na uku, mu duba jerin na'urorin da ke kan layi, mu ƙirga su kamar yadda muke kiran suna da safe. Akwai wurin toshe baƙuwar waya, amma kada mu dogara da shi kaɗai, domin wayoyin zamani suna iya sauya lambar da rauta ke gane su da ita. Canza kalma ya fi tabbas. Mu kuma sani cewa wayoyin Android na yanzu suna iya nuna kalmar Wi-Fi a matsayin hoton QR, wani ya ɗauka da kyamara ya shiga ba tare da an furta masa ko harafi ɗaya ba. Ta haka tamu ta fita.

Aiki na huɗu, mu duba ƙididdigar datar da aka ci. Na'urori da yawa suna bari a sa iyakar wata, su yi gargaɗi idan an kusa kaiwa. A nan kusa kuma akwai wurin sabunta manhajar na'urar. Idan akwai sabuwa mu karɓa, amma sai lokacin da muke da tabbacin wuta ba za ta ɗauke a tsakiyar aikin ba.

'Yan'uwa, da asarar data ce kaɗai, da sai mu ce abin da sauƙi. Tun watan Disamban 2020 gwamnati ta umarci a haɗa kowane layin waya da lambar NIN ta mai shi. Layin da ke cikin rautarmu sunanmu yake ɗauke da shi. Idan wani ya hau layinmu ya damfari mutum ko ya aika abin da doka ta hana, ƙofar da za a fara ƙwanƙwasawa tamu ce, kuma malami ba shi da jarin da ya wuce sunansa. Bayan haka, rauta mai layin waya tana karɓar saƙonnin tes, kuma a wannan shafi ake karanta su. Wanda ya sa layin da bankinsa ke turo wa lambobin sirri a cikin rauta, ya kuma bar kalmar admin, ya ajiye wasiƙun bankinsa a zaure. Muna ba da shawara a ware wa rauta layinta daban.

Wannan sakaci ba namu ba ne mu kaɗai. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa yawo a intanet tana gwada kimanin sunaye da kalmomin masana'anta 60 a kan kyamarori da rautoci. Da wannan ɗan jeri ta mallaki dubban ɗaruruwan na'urori, aka yi amfani da su a watan Oktoba na shekarar wajen kai harin da ya hana mutane da yawa a Amurka shiga Twitter da Netflix. Masu na'urorin ba su ma san da su aka yi ba. Abin ya kai ga Birtaniya ta kafa doka, wadda ta fara aiki ranar 29 ga Afrilu, 2024, da ta hana sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri mai sauƙin canka irin admin. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wani zai ce, to ina haƙƙin maƙwabtaka? Wannan tambaya ce mai kyau, kuma ba rowa muke koyarwa ba. Ɗan maƙwabci da zai duba sakamakon jarrabawarsa ya cancanci a taimake shi. Rautoci da yawa suna da sashen baƙi, mai sunansa daban da kalmarsa daban, wanda ake kunnawa a kashe idan an gama. Kyautar da mutum ya bayar da saninsa tana da lada, tana kuma ƙara zumunci. Abin da aka ɗiba bai sani ba kuwa zargi yake haifarwa, kamar yadda ya haifar tsakaninmu da 'ya'yanmu. Yaran ma mu zaunar da su mu shiga shafin tare, su ga adadin datar da farashinta. Yaron da ya san abin da aka cire daga albashin mahaifiyarsa zai yi tunani kafin ya miƙa wa aboki waya.

Muna da roƙo biyu ga shugabannin reshe. Na ɗaya, makarantun da suke da rauta su sa kalmar shiga shafinta cikin takardar miƙa aiki, tare da rajista da mabuɗan ofis, domin sau da yawa malami ɗaya ne ya san ta, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki sai ya tafi da ita. Na biyu, a ware rabin awa a taronmu na gaba, kowa ya zo da na'urarsa, waɗanda suka iya su zauna da waɗanda ba su iya ba, musamman iyayenmu da suka kusa ritaya. Matambayi ba ya ɓata, kuma babu wanda za a yi wa dariya.

Kafin wannan lokaci, ga aikin gida, tunda mu ma mun saba bayarwa. Yau da dare kowa ya juya na'urarsa ya karanta takardar, ya shiga shafin, ya canza kalmomin nan biyu, ya ƙirga wayoyin da ke kan layinsa. A taro na gaba za mu tambayi kowa nawa ya tarar.

Allah ya sa albarka a cikin ɗan abin da muke samu, ya tsare mana mutuncinmu, ya shirya mana zuriya.