Ƙaramin Kare a Bakin Babba: Jinyarsa da Hakkin Maƙwabtaka



Ba mu jahilci cewa akwai masu ganin batun kare bai kai a tara masu ilmi a kansa ba. A wurin Bahaushe kare na farauta ne, ko na kiwo, ko na gadi, mazauninsa kuwa ƙofar gida ko gindin danga. Malaman Malikiyya ba su ɗauki kare mai rai a matsayin najasa ba, an kuma ruwaito cewa Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risalar nan da yawancinmu muka karanta a zaure, ya ajiye kare don tsaron gidansa. Amma ajiye shi don sha'awa kurum muhawara ce ta malamai, ba za mu yi musu shisshigi ba. Mu abin da ido ke gani za mu yi magana a kai. A gidajen ma'aikata da sababbin unguwannin Kaduna da Jos da Abuja da Kano, karnuka iri biyu sun yawaita. Akwai manya na gadi, irin su Alseshan da Rotwaila, wanda namijinsa kan kai kilo 50. Akwai kuma 'yan ƙanana masu dogon gashi, irin su Lasa, waɗanda da ƙyar suke wuce kilo 7. Katanga ɗaya ce tsakaninsu, wani lokaci ma waya ce, ƙofa kuwa ba kullum ake tunawa a rufe ta ba. Dabbar da ta riga ta shiga hannun mutum amana ce, ko da wace niyya ya kawo ta.

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne, raunin cizon kare kamar tulu yake, baki ƙarami, ciki da faɗi. Kare yana da haƙora 42, huɗu daga cikinsu fiƙoƙi ne masu tsini. Fatar kare kuwa sakwa-sakwa take a jikinsa, tana zamewa a kan tsoka. In babban kare ya kama ƙarami ba cizo kaɗai yake yi ba, ɗaga shi yake yi ya girgiza, kamar yadda na farauta ke yi wa zomo. Fiƙa ta huda fata a wuri guda, sa'an nan ta yi ta yawo a ƙarƙashinta tana yaga tsoka, tana raba fata da jijiyoyin da ke ba ta jini. Daga waje sai a ga 'yan huji biyu ko huɗu, gashi ma ya rufe su, mai gida ya ce Allah Ya kiyaye, ba abin da ya same shi. Alhali kuwa a ciki haƙarƙari ya karye, ko iska ta shiga ƙirji ta danne huhu, ko bangon ciki ya yage hanji ya zubo ƙarƙashin fata ba tare da fatar ta tsage ba. In a wuya aka kama shi, maƙogwaro na iya hujewa, sai iska ta bi ƙarƙashin fata, a taɓa a ji tana ƙaras-ƙaras. In ƙashin baya ya goce ya taɓa laka, ƙafafun baya su mutu. Masu gajeren hanci kuwa, da yake ramin idonsu ba zurfi, damƙa ɗaya a ƙeya na iya sa ido ya fito waje.

Saboda haka muke cewa duk ƙaramin karen da babba ya ɗaga a baki, likitan dabbobi ya gan shi a ranar, ko da ya miƙe yana tafiya da ƙafarsa. Firgita tana ɓoye ciwo na 'yan sa'o'i. Waɗanda ake rasawa, da yawansu waɗanda aka ce a bari zuwa gobe a gani ne.

Wajen rabon faɗan kansa, kada wanda ya sa hannu kusa da baki, kada kuma a kama ƙaramin a ja, don ja shi ke ƙarasa yagar da fiƙa ta fara. A sheƙa musu bokitin ruwa, ko a cusa kujera ko faffaɗan katako a tsakani. Bayan an raba, a tuna kare mai jin zafi yakan ciji ubangidansa ba da saninsa ba. A lulluɓe shi da tawul ko zane, a ɗora shi a kan katako ko cikin kwali don kada bayansa ya lanƙwashe, a danne inda ke zubar da jini da tsumma mai tsabta. In akwai huji a ƙirji mai tsotsar iska, a rufe shi da tsumma a riƙe. Ana iya ɗaure masa baki da ƙyalle, amma ban da wanda numfashi ke yi wa wuya. A ɗaga leɓe a duba dasashi: na mai lafiya jaja-jaja ne, in ya yi fari fat ko ya yi shuɗi-shuɗi, to, tafiyar ta gaggawa ce. Kada a ba shi abinci, don mai yiwuwa ne a sa shi barci a yi masa aiki.

Akwai magungunan tsakar gida da muke roƙo a yi nesa da su. Baƙin man mota, da kananzir, da toka, da maganin wanke bayan gida da ba a sirka ba, duk ƙona naman da ya rage da rai suke yi. Haka kuma maganin ciwon jiki na mutane. Ibufurofen yana huda tumbin kare ya lalata masa ƙoda, farasitamol kuwa in ya yi yawa hanta yake ci, kyanwa ma ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Tausayi ne ke sa a bayar, amma lissafin mutum mai kilo 70 ba zai yi wa dabba mai kilo 7 ba.

A asibiti ba ɗinki ake fara yi ba, a nan ne kuma masu karnuka kan yi fushi da likita. Da farko ƙarin ruwa ne da maganin zafi, da hoton ƙirji in an sami hali. Sai dabbar ta natsu sa'an nan a aske gashin, a buɗe hujin a bi shi har ƙarshensa, a wanke da ruwan gishirin asibiti mai yawa, a yanke naman da ya mutu. Bakin kare cike yake da ƙwayoyin cuta, irin su Pasteurella da waɗansu masu son wurin da ba iska, fiƙa kuwa ta dasa su can ciki tare da gashi da ƙasa. Wanda ya ɗinke irin wannan rauni ruf, ya gina musu ɗaki ne. Don haka sau da yawa akan bar shi a buɗe, ko a ɗinke wani sashe a sa 'yar roba da ruwa zai riƙa bi yana fita, a cire ta bayan kwana 3 zuwa 5. Wani abin kuma, fatar da aka raba da jininta ba a ranar take nuna mutuwarta ba. Sai bayan 'yan kwanaki ta yi baƙi ta bushe kamar ƙirgi, a sake komawa a yanke. Mai kare ya san da wannan tun farko, kada ya zaci aikin farko ne aka yi shi da ganganci.

Sauran aikin na gida ne, shi ne kuma mai gajiyarwa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta a ba da shi har ya ƙare, kada a tsaya don an ga kare ya fara cin abinci. A tsare shi a ɗaki mai tsabta, ba tsalle ba guje-guje, har a cire zare, watau kwana 10 zuwa 14. Zancen da ake yi cewa miyan kare magani ne, a bar shi ya lashe, ba shi da tushe. Lasa ke warware ɗinki. Akwai wata roba mai kamar mazurari da ake sa masa a wuya, in ba a samu ba a yanke gindin ƙaramin bokitin roba a naɗe bakin da tsumma, ya wadatar. A ƙasarmu kuwa akwai abokin gaba da littattafan Turai ba su cika damuwa da shi ba, watau ƙuda. Da damina rauni buɗaɗɗe na iya yin tsutsa cikin kwana ɗaya ko biyu, musamman a ƙarƙashin dogon gashi. A duba safe da yamma. Wari, ko kumburi mai zafi, ko ƙin abinci, ko numfashin da ya wuce 30 a minti ɗaya alhali yana kwance, kowanne dalili ne na komawa asibiti.

Yanzu ga inda maganar ta bar kan kare ta hau kan mutane. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci a ranar ita ce, karen da ya yi cizon an yi masa allurar ciwon haukan kare? Bisa ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da shi, wannan ciwo yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kusan duka kuma daga kare suke samunsa. In alamunsa suka bayyana, kusan ba mai tashi. Tun 1885 Louis Pasteur ya yi wa yaro na farko allurar a Faransa ya tsira, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, ta daɗe tana haɗa ta karnuka, amma har yanzu ana binne yara saboda shi. Ƙaramin karen da aka ciza, wanda ke kwana a falo yara na rungumarsa, shi ne gadar da ciwon zai bi ya shigo gida. Saboda haka a tsare wanda ya yi cizon kwana 10 ana lura da shi. In ya cika su lafiya, to, ba ya ɗauke da cutar a miyansa ranar da ya yi cizon. Kashe shi nan take a jefar a bola ɓatar da shaida ne. In ba a san shi ba, ko ya gudu, ƙa'idar da Amurka ke bi ita ce a sake yi wa wanda aka ciza allura nan da nan a lura da shi kwana 45 in dā ma yana da rigakafi, in kuwa ba shi da shi a killace shi wata 4 ko a kashe shi. Mutumin da haƙori ya taɓa wajen rabo, ko miyau ya shiga masa ƙujewa, ya wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

Fata takan warke cikin makonni, tsoro kuwa yakan daɗe. Za a ga kare da dā shi ke rigan kowa zuwa ƙofa ya koma ƙarƙashin gado, yana rawar jiki in ya ji haushi daga nesa. Wani kuma akasin haka, ya zama shi ke fara yi wa kowane kare haushi, mutane su yi dariya su ce karambanin akuya, gai da kura, alhali tsoro ne ya sa shi riga-kafi. Duka ba ya maganin wannan, jan sa da ƙarfi zuwa gaban wani kare don wai ya saba ma ƙara lalata shi yake yi. Abin da ke aiki shi ne nisa da haƙuri. A tsaya da shi can inda zai hangi wani kare mai sanyin hali ba tare da ya firgita ba, a ba shi 'yar tsokar nama, a koma gida. Gobe a matso taku kaɗan. In ya ƙi karɓar naman, an matso da yawa ke nan, a ja baya. Lallashinsa kuma ba ya ƙara masa tsoro kamar yadda waɗansu ke cewa. Wani ya warware cikin mako biyu, wani sai watanni, wani kuwa har abada ba zai so manyan karnuka ba, ba kuma tilas ne ya so su ba.

Sai mai babban karen. A Ingila an kafa dokar karnuka masu haɗari a 1991, daga Fabrairun 2024 kuma aka haramta mallakar irin da ake kira XL Bully sai da takardar izni. Mu a ganinmu bin iri kaɗai ba zai fisshe mu ba, don abin da muke gani a unguwanninmu halin masu karnukan ne. A sayo ɗan kwikwiyo a ɗaure shi da sarƙa a rana, ba ya ganin kowa sai mai kawo masa ƙanzo, har a riƙa tsokanarsa da gangan wai don ya yi zafi, da dare kuma a sake shi, maigadi ya buɗe wa mota ƙofa ya manta. Ba lalle ne karen da ya kama kare ya kama mutum ba, amma ƙofar da ya bi ya fita ita ce dai wadda yaran maƙwabta ke wucewa ta gabanta zuwa makarantar allo. Wanda karensa ya fita ya yi ɓarna, kuɗin jinya a wuyansa yake, ya kuma fito da katin allura ba sai an kai ga 'yan sanda ba. Mai ƙaramin kuma ya riƙe nasa da igiya in zai fita da shi, don shi ma yana da nasa kason in ya sake shi yana yawo.

Da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a nan, nan da 'yan shekaru su ne za su riƙe sassan lafiya da na dabbobi a ƙananan hukumomi. Hukumomin duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke son a daina mutuwa da ciwon haukan kare, masana kuma sun nuna in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar takan daina yaɗuwa a tsakaninsu. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara, ranar da Pasteur ya rasu, ita aka keɓe don wannan ciwo, asibitocin dabbobi da dama kuma sukan yi allurar kyauta ko da rangwame a makon. Mai kare, babba ko ƙarami, ya kai shi, ya karɓi katin, ya ajiye shi tare da takardun gida inda hannu zai kai gare shi da dare.