Wa zai tuna da waɗanda suka ce a'a? Darasin ƙasar Ailan ga jama'ar Dogo-Dogo

Jawabin da aka karanta a gaban jama'ar Dogo-Dogo, cikin gundumar Dungas, jihar Damagaram, a kan bukukuwan tunawa da gwagwarmayar neman ƴancin kai.

 

Kowane ɗan lakwal ya san cewa ranar 3 ga watan Agusta na 1960 ne Nijar ta karɓi ƴancin kanta daga hannun Faransa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, shekara 44 kafin nan, a irin wannan rana ta 3 ga Agusta na 1916, gwamnatin Ingila ta rataye wani mutum mai suna Roger Casement a wani gidan kaso na birnin Landan. Casement ɗan ƙasar Ailan ne, tsibirin da ke yamma da Ingila. Ya yi wa Ingila aiki a Kalaba, kudancin Nijeriya, kuma shi ne ya rubuta rahoton 1904 wanda ya tona asirin azabar da ake gana wa mutanen Kwango saboda roba a ƙarƙashin sarki Leopold na biyu. Bayan ya ga abin da mulkin mallaka ke yi wa baƙar fata, sai ya waiwayi ƙasarsa, wadda ita ma ke hannun Ingila, ya shiga cikin masu neman ƴanta ta. Wannan ne ya kai shi ga igiya. A 1965 aka maido da ƙasusuwansa gida, aka yi masa jana'iza ta ƙasa.

Dalilin kawo labarin wannan tsibiri mai nisa a gaban mutanen Dogo-Dogo shi ne, mutanen Ailan sun ƙware a wani abu da Nijar ke da ƙarancinsa: kowane ƙauye yana riƙe da tarihin mutanensa, ba ya jiran babban birni ya tuna masa.

Abin da ya faru a Ailan

Ranar Litinin 24 ga Afrilu na 1916, lokacin bikin Ista na Kirista, wasu ƴan kishin ƙasa suka kame babban gidan waya na birnin Dublin, wani malamin makaranta mai suna Patrick Pearse ya tsaya a ƙofa ya karanta takardar kafa jamhuriya. Kwana shida suka yi, igwar Ingila ta fi ƙarfinsu, suka miƙa wuya. Mutane kusan 500 suka mutu, fiye da rabinsu farar hula ne. Da farko jama'ar birnin da yawa ba su goyi bayan masu tawayen ba. Amma da aka kashe shugabanninsu 16 ɗaya bayan ɗaya, sai zukata suka juya. A zaɓen Disamba na 1918 jam'iyyar Sinn Féin ta cinye kujeru 73 cikin 105 na tsibirin. Yaƙin sunƙuru ya biyo baya daga 1919 zuwa Yulin 1921, sannan yarjejeniyar 6 ga Disamba na 1921, wadda ta bai wa larduna 26 mulkin kai, larduna 6 na arewa suka ci gaba da zama a hannun Ingila.

Wannan yarjejeniya ta raba kan ƴan gwagwarmayar. Wasu suka ce a karɓi abin da ya samu, wasu suka ce cin amana ne. Daga Yunin 1922 zuwa Mayun 1923 abokan jiya suka riƙa harbin juna. Michael Collins, jagoran yaƙin sunƙuru, wanda ya sa hannu a yarjejeniyar, ƴan ƙasarsa ne suka kashe shi ranar 22 ga Agusta na 1922 a wata ƴar hanyar karkara da ake kira Béal na Bláth. Manyan jam'iyyun ƙasar biyu, Fianna Fáil da Fine Gael, daga wannan rabuwa suka samo asali.

Yadda suke tunawa

A duk watan Agusta jama'a na taruwa a wurin da Collins ya faɗi. A duk ƙarshen Nuwamba ana taruwa a Kilmichael, inda aka yi wa dakarun Ingila kwanton ɓauna a 1920. A gefen hanyoyin karkara akwai duwatsu masu ɗauke da sunan wanda ya mutu a wurin da ranar mutuwarsa. Galibi kwamitocin mutanen yankin ne ke share wurin, su tara kuɗi, su gayyato mai jawabi.

Bugu da ƙari, daga 1947 zuwa 1957 gwamnatin ƙasar ta aika ma'aikata gida gida suna rubuta shaidar tsofaffin ƴan gwagwarmaya, har suka tara shaida 1,773. Saboda masu laifi da waɗanda aka yi wa laifi suna raye, aka kulle takardun, sai a 2003 aka buɗe su ga kowa. Kafin wannan, daga 1937 zuwa 1939, an sa yaran makarantun firamare sama da 50,000 su je wurin kakanninsu su rubuto labarai da al'adun garuruwansu. Gab da cikar tawayen shekara ɗari a 2016 kuwa, sojoji suka kai wa kowace makarantar firamare tutar ƙasa da kofen takardar da Pearse ya karanta.

Ba a rasa rigima ba. A Janairun 2020 gwamnati ta shirya taron tunawa da ƴan sandan da suka yi wa Ingila aiki, jama'a suka yi ca, dole aka jingine shi. Duk da haka, a Agustan 2022 shugabannin jam'iyyun nan biyu, Micheál Martin da Leo Varadkar, sun tsaya a dandali ɗaya a Béal na Bláth. Shekara ɗari aka yi kafin a kai ga haka.

Damagaram tana da nata mazaje

Ƙasar Damagaram ba ta rasa waɗanda za a tuna da su ba. A Mayun 1898 aka kashe kyaftin Cazemajou a birnin Zinder, zamanin sarki Amadu Kuran Daga. A ƙarshen Yulin 1899 dakarun sarkin suka tari rundunar Faransa a Tirmini, bindiga ta rinjayi mashi, kuma a watan Satumba aka kashe sarkin. A 1906 Nasara suka tuɓe sarki Amadu ɗan Basa bisa zargin shirya tawaye, suka kai shi Kodebuwa. A shekarar da Dublin ta tashi, wato 1916, a watan Disamba Kawusan ya kewaye barikin Faransa a Agadas, ba a karya shi ba sai a Maris na 1917, kuma Ingila ta turo sojoji daga Nijeriya domin taimaka wa Faransa. Tagama, sarkin Abzin da ya mara masa baya, a gidan kason Zinder ya mutu a 1920.

Ita kanta iyakar da ke kudu da Dogo-Dogo, wadda ta raba dangi gida biyu, wasu a Faranshi wasu a Ingilishi, kyaftin Tilho da manjo O'Shee ne suka kafa alamominta tsakanin 1906 da 1908, ba tare da an shawarci mai gona ko ɗaya ba. Har zuwa 1946, lokacin da aka soke aikin tilas, wannan iyaka ita ce mafitar talakan da kwamanda da gardinsa suka matsa wa: ya ɗaure kayansa da dare, gari ya waye masa a ƙasar Kano. Wannan gudun hijira ma gwagwarmaya ce, ko da yake ba ta da tuta ba ta da take.

Sai kuma batun da aka fi jin nauyin ambata. Ranar 28 ga Satumba na 1958 janar de Gaulle ya shirya ƙuri'ar raba gardama: i, a zauna cikin tarayya da Faransa, ko a'a, a karɓi ƴanci nan take. Djibo Bakary, shugaban gwamnatin Nijar na lokacin kuma jagoran jam'iyyar Sawaba, ya yi kira da a ce a'a, kamar yadda Seku Ture ya yi a Gine. Faransa ta turo gwamna Colombani, aka sa ƙarfin hukuma da na sarauta a aiki. Sakamakon da aka bayyana ya bai wa i kimanin kashi 78 cikin ɗari, alhali waɗanda suka fito jefa ƙuri'a ba su kai kashi 40 ba. Ranar 18 ga Disamba aka kafa jamhuriya a ƙarƙashin Diori Hamani, a 1959 aka haramta Sawaba. Damagaram na cikin wuraren da jam'iyyar ta fi ƙarfi, kuma dangantakarta da NEPU ta Malam Aminu Kano ta sa Kano ta zama mafakar magoya bayanta. A 1964 ƴan Sawaba suka dawo da makamai, wasunsu ta iyakar Nijeriya, aka murƙushe su, aka harbe huɗu a bainar jama'a a Yamai cikin watan Oktoba. A Afrilun 1965 aka jefa wa Diori gurneti a filin Idi, ya tsira, wani yaro ya rasa ransa. Kame da duka da ɗauri suka biyo baya, har sunan Sawaba ya zama abin faɗa da raɗa.

Bikin sama da bikin ƙasa

Tun 1975, zamanin Seyni Kountché, aka haɗa 3 ga Agusta da dashen itace. Daga 2006 aka fara zagayawa da bikin 18 ga Disamba jiha jiha, Zinder ta karɓe shi a 2006 da 2018, ta samu kwalta da gine-gine. A Oktoban 2024 aka cire sunan de Gaulle daga wani babban titi na Yamai aka sa na Djibo Bakary, wanda ya rasu tun 1998. Duk waɗannan abubuwa ne masu amfani, sai dai daga sama suke saukowa, kuma abin da doka ta ɗora wata doka na iya saukewa. Sunan jagora ya hau allo a Yamai, amma sunan maɗinki ko direba ko manomin da ya sha kulki saboda katin jam'iyya, yana cikin kan ƴaƴansa kaɗai.

Wani zai ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma tono tsohon ciwo zai haɗa jikokin ɗan Sawaba da jikokin ɗan RDA faɗa, alhali yanzu sun yi auratayya. Wannan tsoro yana da tushe. Ita ma Ailan ta ji shi, shi ya sa ta kulle takardunta fiye da shekara arba'in. Amma sai da ta rubuta sannan ta kulle. Wanda yake da shekara 20 a 1964, yau ya haura tamanin. Kowace damina tana tafiya da wasu daga cikinsu, kuma abin da ya shiga kushewa ba a rubuce ba, babu hukumar da za ta iya buɗe shi. Babban littafin da ya tattara tarihin Sawaba, wani masani ɗan Holan mai suna Klaas van Walraven ne ya wallafa shi a 2013, bayan ya yi shekaru yana bin tsofaffi yana sauraronsu. Ya cancanci godiya, kuma aikinsa ya nuna cewa tsofaffin a shirye suke su yi magana in an tambaye su.

Abin da Dogo-Dogo za ta iya yi

Na farko, kowane gari ya kafa ɗan kwamiti na dattijo da malami da mushen lakwal da mace mai shekaru, su bi tsofaffi su naɗi muryarsu. Salular da ke aljihun kowane saurayi ta isa wannan aiki. Wanda ya ce kada a saki maganarsa sai bayan ransa, a cika masa alkawari.

Na biyu, ƴan lakwal da almajirai su tambayi kakanninsu su rubuta, da boko ko da ajami: wa aka kama a aikin tilas, wace hanya ya gina, wa ya ƙetare iyaka, wa ya dawo, wa bai dawo ba. A ajiye kofe ɗaya a gari, a aika ɗaya jami'ar Zinder mai ɗauke da sunan André Salifou, masanin da ya rubuta tarihin Damagaram da na Kawusan, ko cibiyar CELHTO ta Yamai, wadda aka kafa domin adana tarihin baka.

Na uku, a zaɓi rana ɗaya a shekara bayan an kai amfanin gona gida, a sauke Alƙur'ani, a karanta sunaye a ƙofar mai gari, a dasa itace da sunan kowane mamaci. A karanta sunan wanda ya ce a'a da wanda ya ce i, da wanda aka kashe a kowane ɓangare, domin dukansu ƴaƴan ƙasar nan ne.

Na huɗu, kada a bar wata jam'iyya ko wani mai mulki ya mayar da ranar tasa. Ranar da aka raba riguna masu hoton wani, daga ranar ta tashi daga tunawa ta koma kamfe.

Waiwaye adon tafiya ne, in ji masu iya magana. Jama'ar da ta san abin da kakanninta suka biya kafin a samu ƙuri'a da tuta, ba za ta sayar da su a kan sabulu da turmin zane ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba tsofaffin da suka rage tsawon rai har a ji ta bakinsu, Ya zaunar da Nijar lafiya.