Kafin a Busa Usur: Yadda Muke Jiran Wasan Ƙarshe

Ina gaida masu saurare daga nan Riruwai, da 'yan uwa na Doguwa, Tudun Wada, Kiru da Bebeji, da duk inda wannan murya ta kai.

Ranar Asabar ne wasan ƙarshe na gasar matasanmu, kuma gari ya ɗauki zafi. A teburin mai shayi maganar ke nan, a tashar 'yan acaɓa maganar ke nan, a WhatsApp kuwa ba a cewa komai. Ni ma ina da ɓangaren da nake so, ba zan faɗa ba don kada a kashe min waya. Amma yau ba hasashen wa zai ci zan yi ba. Kwanakin nan na jira nake so mu duba, domin faɗan da ake yi a fili ranar wasa, a cikinsu ake ƙulla shi.

Bari mu fara da namu na gida, Kano Pillars. Sai masu gida! Ƙungiyar da ta ɗauki kofin Firimiyar Najeriya sau huɗu: 2008, 2012, 2013 da 2014. Ku tuna watan Oktoban 2018, wasan ƙarshe na kofin Aiteo a Asaba, mu da Enugu Rangers. Muka zura uku, su ba ko ɗaya. A gidajen kallo an fara rawa, wasu har sun fita sun fara zagaya gari da babura. Cikin mintunan ƙarshe Rangers ta rama duka ukun, aka je bugun fenareti, suka ɗauke kofin da 4 da 2. Wallahi daren nan ko abinci bai ciwu ba.

Me ya biyo baya? Ƙungiyar ta koma ta sake shiri. A watan Yulin 2019, a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, aka tashi canjaras babu ci da Niger Tornadoes, Pillars ta yi nasara a fenareti da 4 da 3, ta ɗaga kofin a karon farko a tarihinta. Ka ga rashin nasara bai kashe ta ba. Wata tara kacal tsakanin kukan da dariyar.

To yanzu kwatanta da 2022. A watan Afrilu, a wasa da Katsina United a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, wasu da ke kiran kansu magoya baya suka ta da yamutsi, aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasa ta ci tarar ƙungiyar naira miliyan 9, ta cire mata maki 3, ta kuma kwashe wasanninta na gida daga Kano. A ƙarshen kakar Pillars ta faɗa rukunin 'yan dagaji, sai a 2023 ta dawo. Ba na ce rikicin kaɗai ya jawo ba, amma ku duba: ƙwallo uku na Rangers kofi ɗaya suka raba mu da shi, duwatsun namu kuwa sun raba mu da maki, da kuɗi, da filinmu. Wane ne abokin gaba a nan?

Yanzu ku biyo ni mu leƙa nesa, mu ga yadda wasu ke jiran nasu wasan. A Ostareliya suna da ƙwallon da ta bambanta da tamu: ƙwallon kamar ƙwai take, filin ma haka, mutum 18 kowane ɓangare, ana bugawa da ƙafa da hannu, ga karo kamar dambe. Wasan ƙarshensu yawanci Asabar ɗin ƙarshe ta Satumba ake yi a birnin Melbon, gaban mutum kusan dubu 100. A 1970 an ƙirga 'yan kallo 121,696, ranar da Carlton ta taso daga bayan maki 44 a hutun rabin lokaci ta doke Collingwood. Kun ji, su ma suna da Asabarsu.

Abin da ya ja hankalina shi ne yadda suka tsara jiran. Tun 2015 jihar Biktoriya ke ba da hutu ranar Juma'ar jajiberin wasan. Ana fito da 'yan wasan ƙungiyoyin biyu a yi fareti, iyaye da yara su tsaya suna ɗaga musu hannu. A filin kuma ba a raba magoya baya da shinge, mai wannan riga na zaune kusa da mai waccan. Ba mala'iku ba ne, suna zagi suna ihu. Amma zumuɗin an yi masa hanya, kamar yadda manomi ke yi wa ruwa hanya don kada ya cinye gona.

Mu fa, me muke yi da namu kwanakin? Caca ta farko. Yaro ya wuni a ramin kuza, ko ya sayar da buhun masara, ya zuba kuɗin a kan wasa ɗaya. Wanda ya sa kuɗin cefanen gida, ta yaya zai yarda da hukuncin alƙalin wasa? Sai kuma jita-jita: tun kafin a buga an ce an sayi alƙali. Sai habaici a Facebook, daga tsokanar ƙwallo a koma zagin unguwa da iyaye. In Asabar ta zo, ashana ɗaya ta isa.

Don haka ga roƙona kafin ranar. Kyaftin biyu da kocinsu su zauna gaban mai unguwa da dattawa, su gaisa, a ɗauki hoto a watsa. A amince da alƙalin wasa tun yanzu, a sanar da sunansa, kada a zo ana gardama a fili. Kowane ɓangare ya ware matasa da za su tsare nasu mutanen, don naka ya fi jin maganarka. A ja igiya, a keɓe wa yara da mata wuri. A fara da wuri a tashi kafin magariba, saboda baƙin da za su bi hanyar dajin Falgore su isa gida da ido. Kai kuma ɗan uwa, in ka ga saƙon zagi, kada ka tura gaba.

Akwai yaran da suka kwashe watanni suna atisaye ba takalmin kirki, suna fatan wani ya gan su. Babu mai neman 'yan wasa da zai dawo filin da aka jefe shi. Mu ba su minti 90 ɗinsu cikin lafiya.

Ku rubuto min wa kuke gani zai ɗaga kofin, da ci nawa. Allah ya ba mai rabo sa'a, ya kai mu Asabar lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.