Jawabin Sakataren Ƙungiya a Taron Wata-Wata: Masu Kare Daji da Gonakin da Muke Nomawa

   

Kwamiti ya ɗora mini in yi bayani a kan tambayar da ta yi yawa a ofis, musamman daga 'yan'uwanmu masu noma da masu sayen goro da koko a ƙauyukan da ke bakin daji a nan jihar Ogun. Tambayar ita ce: waɗannan mutane masu zuwa da taswira da na'urar awo, suna cewa su ƙungiyar kare daji ce, mene ne aikinsu, kuma suna da ikon tashin mutum daga gonarsa? Ni ba lauya ba ne, kun san karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, to amma dokar a rubuce take, kuma abin da ke cikinta shi zan faɗa muku.

Da farko, irin waɗannan ƙungiyoyi ba na gwamnati ba ne, kuma ba don riba aka kafa su ba. Wadda ta fi suna a ƙasar nan ita ce NCF, wadda marigayi Cif S. L. Edu ya assasa a 1980. Duk wanda ya bi hanyar Lekki a Ikko ya ga wurinsu, hekta 78 na daji da fadama da aka keɓe tun 1990, ga gine-gine sun kewaye shi ta ko'ina amma birai na nan suna tsalle. Nan kusa da mu kuma akwai gandun dajin Omo, wanda aka shata tun 1925, zamanin Turawa, faɗinsa ya haura hekta 130,000, kuma har yanzu akwai sauran giwaye a ciki. Dajin na gwamnatin jiha ne, ƙungiyoyi suna taimakawa ne wajen tsaronsa. Ni a ganina aikinsu ba abin ƙi ba ne. Mu da muka fito daga inda hamada ta cinye gonakin kakanninmu bai kamata a tsaya koya mana amfanin itace ba.

To a cikin kowace irin wannan ƙungiya akwai ma'aikacin da aikinsa ke nan, samo fili da tsare shi. Ina so ku fahimci yadda yake aikin, domin a nan ne ake mantawa da mu. Kafin ya taka ƙauye, sai ya je ofishin filaye ya duba rajista, ya ga ko wurin yana da takardar mallaka, ko yana cikin gandun daji, ko akwai shari'a a kansa. Daga nan ya nemi Bale da shugabannin gidajen da ke da ƙasar. A al'adar Yarabawa filin gado na dangi ne gaba ɗaya, ba a sayar da shi sai da shugaban gida da manyan dangin, saboda haka wajensu zai zauna, su zai kai wa goro. In an daidaita, safiyo ya zo ya auna, ya kafa duwatsun siminti a kan iyaka, a rubuta yarjejeniya, a nemi amincewar gwamna ko ta ƙaramar hukuma gwargwadon irin filin. Bayan haka sai a ɗauki masu gadi, sau da yawa ma daga cikin maharban yankin.

Ku duba duk wannan tafiya, a ina sunan Bahaushe ya fito? A rajista babu shi. A zaman dangi babu shi. Mutum ya shekara ashirin yana noma wuri, ya dasa ayaba da goro, ya gina ɗaki ya haƙa rijiya, amma a takarda wurin daji ne kawai na gidan wane. Ma'aikacin nan ba lallai mugu ba ne. Abin da aka nuna masa shi yake rubutawa, kuma mai ƙasa ba shi da wata riba in ya ce akwai baƙo a wurin.

Yanzu ga abin da doka ta ce. Ƙungiya mai zaman kanta ba ta da ikon ƙwace fili ko taku ɗaya. Ko ta saya, ko ta yi haya, ko ta kula da wurin a madadin gwamnati. Mai ikon soke haƙƙin mutum a kan fili shi ne gwamna, bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, sashe na 28, shi ma sai don amfanin jama'a, kuma sai an ba mai haƙƙin sanarwa a rubuce. Don haka in wani ya ce ku tashi nan da sati biyu, abu na farko a tambaye shi cikin ladabi: wa ya aiko ka, ina takardar? Tsarin mulki na 1999 kuma, a sashe na 43, ya ba kowane ɗan ƙasa damar mallakar fili a ko'ina cikin Nijeriya, sashe na 44 ya ce ba a karɓar dukiyar mutum da ƙarfin hukuma sai da diyya ba tare da jan lokaci ba, kuma yana da damar zuwa kotu. Ba a ce ban da baƙo ba.

Wurin da nake so kowa ya riƙe shi ne sashe na 29. Ya ce in an soke haƙƙi don amfanin jama'a, mai riƙe da haƙƙin da kuma wanda ke zaune yana amfani da wurin, dukansu suna da diyyar abin da suka raya: gini, shuka, rijiya da makamantansu. Ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta yadda ake saye a kasuwa, guminka da ke kanta ake biya. To amma wannan sashen dai ya ce in masu haƙƙin al'umma ce, gwamna na iya sa a biya kuɗin ga al'ummar, ko ga shugabanta, ko a zuba a wani asusu dominta. Kun ga ke nan kuɗin ayabarka na iya shiga hannun Bale, kai kuwa ba ka cikin taron rabo. Maganin wannan guda ne: ranar da aka zo ƙidayar amfanin gona da gine-gine, ka tsaya a gonarka da ƙafarka, a rubuta sunanka da yawan itatuwanka, ka ga abin da aka rubuta kafin ka sa hannu ko ka dangwala. Wanda ya tafi gida bikin Sallah a wannan makon, to ya bar wakili.

Sai dai kada wani ya fita daga nan ya je yana ce wa mai ƙasa gonar ta zama tasa. An taɓa yin haka. A jihar Kwara wasu Fulani da aka ba kakanninsu wurin zama da kiwo suna biyan masu ƙasa, bayan dokar 1978 suka ɗauka wurin ya zama nasu, har suka kafa allo. Magana ta kai Kotun Ƙoli, shari'ar Abioye da Yakubu, aka yanke a 1991 cewa dokar ba ta mayar da ɗan aro mai ƙasa ba. Ƙarfin ɗan aro a al'ada shi ne, muddin yana biyan ishakole, wato abin da ake ba mai ƙasa duk shekara, kuma bai yi musun mai ƙasar ba, ba a korarsa haka kawai. Ranar da ya ce ƙasar tasa ce, ranar ya ba da sandar dukansa. Saboda haka ku riƙa biya, amma ku karɓi rasit. In mai ƙasa ya ce shi ba ya rubutu, a samu ɗan makaranta ya rubuta, shaidu biyu su sa hannu, ɗaya nasu ɗaya namu. Na san wasu na jin nauyi, wai kamar rashin yarda ne ga mutumin da aka daɗe ana cin abinci tare. Dattijon da ya ba ka wurin zai rasu, 'ya'yansa da ke Ikko ba su san fuskarka ba.

Maganar cikin gandun daji kuwa daban take, kuma gara in faɗe ta ba ɓoye-ɓoye. Duk wanda ya sayar maka da gona a cikin dajin gwamnati ya sayar maka da abin da ba nasa ba, rasit ɗinsa ba zai tsaya maka a gaban hukuma ba, ko da tambari goma a kai. Kafin ka ba da kuɗi, ka je wajen ma'aikatan gandun daji ka tambaya ina iyaka ta bi. Mun ga abin da ya faru a jihar Ondo a watan Janairun 2021, lokacin da gwamna na wancan lokaci, marigayi Rotimi Akeredolu, ya ba makiyaya kwana bakwai su fita daga gandun dajin jihar, ya ce mai son ci gaba da sana'arsa ya yi rajista. In irin wannan iska ta taso ba a tsayawa tantance wane ne makiyayi, wane ne manomi, wane ne mai sayen goro.

Abin da kwamiti ya yanke shi ne, in wata ƙungiya ta kira taro a ƙauyen da mutanenmu suke, kada a ƙaurace, kada kuma a je a yi ta hayaniya. A sanar da ofis, za mu tura mutum biyu, ɗaya mai jin Yarabanci sosai, ɗaya mai karatun boko. Za mu roƙi a sa sunayen 'yan aro cikin jerin waɗanda abin ya shafa, kuma in akwai aikin gadi ko na rainon itatuwa, a tuna da matasanmu. Iyaye mata masu lambu a bakin rafi da masu shiga itacen girki, ku ma a rubuta ku da sunayenku, kada a ce maigida ya wadatar.

Mun buɗe littafi a ofis. Kowane magidanci ya zo da abin da yake da shi, rasit ko yarjejeniya ko hoton gona, a rubuta sunan ƙauyen, sunan gidan da ya ba shi wurin, shekarar da ya fara noma da abin da ya dasa. Wanda ba shi da takarda ko ɗaya shi ma ya zo da shaidunsa. Za mu ɗauki hoton takardun mu mayar wa kowa da nasa, ba a biyan ko kwabo. Ina ofis ranar Asabar da Lahadi daga bayan La'asar zuwa Magariba.

Allah ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu.