Daga Akwatin Murjani zuwa Kwamin Tarwada: Me Za a Fara Saya?

Laccar da aka gabatar a Filinge gaban malamai, manoman rani da matasan ƙasar Kurfai

 

Da yawa cikinmu sun taɓa ganin jan murjani a wuyan kaka ko cikin adakar uwa. Sunan daga Larabci ya zo mana, yana ma cikin Suratur Rahman tare da lu'ulu'u, kuma jan nan da mata ke daraja daga Bahar Rum fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne murjani ƙashi ne na wata ƙaramar halitta ta teku mai rai, mai ci, mai mutuwa. A Turai da Amurka da Japan akwai masu kiwon danginta a ɗaki, cikin akwatin gilashi cike da ruwan gishiri.

Wani ƙanena da ya dawo daga cirani a Kwatano ya nuna mini irin wannan akwati a wayarsa, launuka kamar an zuba kayan lefe cikin ruwa. Ya ce, "Yaya, in Allah Ya hore mini, me zan fara saya?" Na gaya masa gaskiya, murjani ba zai rayu a ɗakinsa na Filinge ba. Amma tambayar ta kwana a raina, domin ita ce tambayar duk wanda ke shirin gina kwamin kifi a bayan gida, kuma na ga mutane da dama sun amsa ta a baibai, sun yi asarar jarinsu.

Murjanin da ake kiwo yana son ruwa mai gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, da zafi wajen digiri 25 ko 26, dare da rana. A cikin namansa akwai wata ƙwayar tsiro da ido ba ya gani, ita ke sarrafa haske ta ciyar da shi. In zafi ya haura abin da ya saba da digiri ɗaya kawai na tsawon makonni, sai ya kore ta, ya yi fari fat, yunwa ta kama shi. Haka ya faru da babban tudun murjanin Ostareliya a 2016. To ku auna da namu watan Afrilu, inda inuwa kanta ke wuce digiri 40.

Sabon shiga a wannan kiwo idonsa na kan fitila mai tsada da kifi masu ado. Wanda ya daɗe yana yi kuwa, na'urar tace ruwa yake fara saya, da ma'aunin gishiri, da abin daidaita zafi, da famfon da ke motsa ruwa, da batirin da zai riƙe famfon in wuta ta ɗauke. Sai ya cika akwati ya bar shi makonni babu kifi ko ɗaya, yana jiran wasu ƙwayoyin halitta su zauna a jikin duwatsu, waɗanda ke cinye dafin da kashin kifi ke saki. Baƙo ya shigo ya ga akwati fayau, ya ɗauka an yi ɓarnar kuɗi. Wannan haƙurin nake so mu ara, tun da kifin da muke iya kiwo, tarwada da karfasa, su ma ruwan ne ke raya su ko ya kashe su.

Mu a nan muna zaune cikin Dallol Boso, tsohon kwarin da ya gangaro daga Azawak ya bi ta Balleyara da Birnin Gaure har ya faɗa kogin Kwara wajen Bumba. Albarkarsa ita ce ruwa kusa. Da shi mutanen Bankuku ke noman dankalin turawa da rani. Amma kwarin nan da ke ba mu ruwa shi ke ba da kanwa a wasu sassansa, kuma rijiya biyu a unguwa ɗaya na iya bambanta. Shi ya sa abin da nake cewa a fara saya ya fi komai araha: takardar gwajin ruwa da ma'aunin zafi.

Bari in tsaya a nan kaɗan, don nan ne asarar ta fi yawa. Kifi na ci, yana fitar da wani dafi mai suna amoniya ta kashinsa da ta wurin numfashinsa. Amoniya a ruwa kama biyu gare ta, ɗaya mai sauƙi, ɗaya mai kisa. Abin da ke juya mai sauƙin zuwa mai kisa abu biyu ne: ruwa ya karkata wajen kanwa, ko ya yi zafi. Mu kuwa duka biyun muna iya haɗawa a kwami ɗaya. Ma'aunin kanwar ruwa, wanda ake rubutawa pH, yana tafiya daga 0 zuwa 14, tsakiyarsa 7. Kifin kiwo na jin daɗi daga wajen 6.5 zuwa 8.5. In rijiyarka ta nuna 9, dattin da kifin wani ke jurewa a ruwa mai daɗi zai kwantar da naka. Mutum ya tashi da asuba ya tarar da kifi sun juya ciki sama, ya ce sammu ne ko bakin maƙwabta. Ruwa ba ya tsami banza. Ƴar takarda da ake tsomawa ta sauya launi cikin minti ɗaya za ta gaya maka tun kafin ka zuba buhun siminti na farko.

Akwai kuma abin da masu murjani suka sani sarai: rana na shan ruwa ta bar gishiri. Kwami mai mita biyu tsawo, biyu faɗi, ɗaya zurfi yana cin lita 4,000, wato bido 200 na lita 20. In rana ta sha santimita ɗaya daga samansa, lita 40 sun tafi, kanwarsu kuma tana nan. Wanda ke ƙari kawai ba ya zubarwa, kanwa yake tarawa. Don haka bututun fitar da ruwa a ƙasan kwami, da rumfar zana a samansa, suna gaba da fenti da ado. Ruwan da aka zubar kuma taki ne, a bi da shi zuwa fangalin albasa ko zogale.

Na biyu shi ne hanyar ɗago ruwan, kuma a nan maganar wuta ke shigowa. Ba mu manta watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, alhali a lokacin daga can mafi yawan wutarmu ke zuwa, ba a maido ta ba sai a Maris na 2024. Kifi ba ya jiran a sasanta. Ra'ayina shi ne mai ƙaramin jari ya sayi faifan hasken rana da ƙaramin famfo da tano ko tankin ajiya, ko da hakan zai sa ya rage girman kwaminsa da rabi. Ajiyar ma tana da wani amfani: ruwan rijiya na fitowa da ƙarancin iskar oksijin, na famfon gari kuma da maganin kashe ƙwayoyin cuta, dukansu suna gyaruwa in sun kwana a buɗe.

Injin hura iska fa? Ya danganta da kifin. Ruwa mai zafin digiri 20 yana riƙe oksijin wajen miligiram 9 a lita, in ya kai digiri 30 sai ya sauko wajen 7.5, daidai lokacin da kifi ya fi bukata. Karfasa in ta yi yawa a kwami ba ta yi sai da injin. Tarwada kuwa Allah Ya ba ta wata gaɓa a cikin kai da take shaƙar iska kai tsaye, abin da sarkawa suka sani tun kaka da kakanni, suna ganinta da rai cikin taɓo. Wanda zai fara da tarwada yana iya jinkirta injin. Ni da ita nake ba da shawarar farawa.

Sai abinci, wanda ke cinye fiye da rabin kuɗin kiwo, kuma shi ne mutane ba sa lissafawa. Kowane kilo na tarwada yana cin aƙalla kilo ɗaya na abinci mai kyau. Mai son kifi 500 su kai kilo ɗaiɗai, ya san kilo 500 na abinci na jiransa ko fiye, buhu talatin da ɗoriya in buhun mai kilo 15 ne. Na san wani bawan Allah da ya zuba duk abin da ya samo a kwami biyu masu kyau da ƴaƴan kifi dubu. A wata na uku kuɗi suka ƙare, ya koma ba su dusa, manya suka fara cin ƙanana, don tarwada ba ta jin kunyar cin ɗan'uwanta. Har yau in na tuna fuskarsa ranar da muka kwashe ruwan muka ƙirga abin da ya rage, raina na ɓaci. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Da kifi ɗari biyu ya zuba, ya ajiye kuɗin abincinsu na wata shida, ya tanadi ƙaramin baho da koma don ware manya daga ƙanana, da yanzu yana zagaye na huɗu.

Ƴaƴan kifin su ne ƙarshen saye, bayan sabon kwami ya jiƙu an zubar da ruwansa sau da yawa, domin ɗanyen siminti shi ma kanwa yake saki. Kada a ɗauko su a tsakiyar hunturu, lokacin da sanyin dare ke hana tarwada ci. Daga Yamai zuwa nan tafiyar kilomita 180 ce ko kusa, a taso da su da asuba, kuma in an iso a bar mazubinsu ya yi iyo a kwami na ɗan lokaci har zafin ruwan biyu ya daidaita kafin a sake su. Kafin duk wannan, a je wurin ma'aikatan gandun daji da ke kula da harkar kifi a nan Filinge, a tambaye su inda ake samun iri mai kyau.

Na zo da takardun gwaji a jakata. Iyayena mata masu lambu da ƙannena da suka kawo ruwan rijiyarsu a kwalba kamar yadda aka sanar, ku matso gaba, kowa ya faɗi unguwarsa da zurfin rijiyarsa, mu tsoma mu rubuta.